Filin Baba Mai Hoto: Aikin wa zan fara nuna wa ɗalibaina?

Wasiƙun wannan wata kusan duk daga makarantu suka fito, kamar an haɗa baki. Na zaɓi uku. Ta farko ta cinye mafi yawan filin, don haka masu tambayar kyamarar da ta dace da aikin biki su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba Mai Hoto. Ni malamin zane ne a wata makarantar sakandare a Tudun Wada, nan Kaduna. Bana aka ɗora mini darasin ɗaukar hoto na 'yan aji biyar. Ɗalibai 38 ne, kyamara ɗaya tal makarantar ke da ita, sai wayoyin da wasu ke arowa a gida. An ce in gabatar musu da ayyukan shahararrun masu ɗaukar hoto. Na shiga intanet na kwaso sunaye kusan ashirin, yawancinsu Turawa, na rubuta a allo da shekarar haihuwa da ta rasuwa. Sun kwafe tsaf. Bayan mako guda na tambaye su, ba wanda ya tuna hoto ko ɗaya. Wani ma cewa ya yi, "Malam, waɗannan duk sun mutu, me za su koya mana wanda waya ba ta iya ba?" Don Allah da wa zan fara, kuma ta yaya?

Malamin zane, Tudun Wada

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Yaron nan da ya jefo maka wannan tambaya ka riƙe shi da kyau, shi ne ya fi kowa sauraronka a ajin. Zan dawo kansa.

Abin da ya same ka ya taɓa samuna, har ma nawa ya fi muni. Wani abokina shugaban makaranta ya gayyace ni in yi wa ɗalibansa magana. Na kwana ina jera hotuna arba'in a kwamfuta, aka aro majigi, aka rufe tagogi da zannuwa. Ina dannawa ina zuba bayani, wane an haife shi a kaza, ya ci kyautar kaza. Kafin in kai hoto na goma sha biyar 'yan bayan aji sun fara gyangyaɗi. Sai Allah ya rufa mini asiri aka ɗauke wuta, janareta kuma ba mai. Na tsaya a gaban yara sittin kamar an dasa ni.

Can na tuna da hoton da ke cikin aljihun gaban rigata. Mahaifiyata ce, Allah ya jiƙanta, an ɗauke ta a wani situdiyo a Zariya tun kafin a haife ni. Baƙi da fari ne, kusurwarsa ɗaya ta karye. Tana zaune a kujerar katako, ta ɗora hannun hagu a gwiwa, da agogo a hannun, a gefenta ɗan tebur da rediyo da furen roba. Na sa aka yaye zannuwan taga, na miƙa wa yaron da ke gaba na ce ya duba ya miƙa wa na kusa da shi. Da ya zagaya na ce, me kuka gani? Aka yi tsit. Sai wata yarinya daga tsakiya ta ce, cikin jin kunya, "Baba, agogon nan ya yi mata yawa." Gaskiyarta kuwa. Agogon maza ne, na mai situdiyo ne, rediyon ma nasa ne. Na ce to me zai sa mace ta ɗaura agogon da ba nata ba don a ɗauke ta? Nan fa aji ya ɓarke. Wani ya ce ƙarya ce kawai, wata ta ce ai buri ne, tana nuna inda take son ta kai, wani ya ce wa za a aika wa hoton tukuna? Wani dogon yaro da bai ce uffan ba tun safe ya lura cewa haske daga dama ya zo, don inuwar hancinta ta faɗi hagu. Wata kuma ta gano inda labulen baya ya gaza, har ana ganin bangon ƙasa ta gefe. Aka kaɗa ƙararrawa ba wanda ya motsa.

Tun ranar ban ƙara nuna wa yara hoto fiye da uku a zama ɗaya ba, kuma sunan mai hoton shi nake faɗa a ƙarshe.

To ka fara daga gida, Malam. Ka ce kowa ya kawo hoton da ya fi tsufa a gidansu, a cikin ambulan, da izinin mai shi. Ku ɗauki kwafinsa da waya a mayar a ranar, don tsofaffi ba sa wasa da waɗannan abubuwa, kuma idan ɗaya ya ɓata kai za a zo nema. Za ka ga na aure, na aikin hajji, na tsohon soja, na ma'aikacin masaƙa a Kakuri tsaye kusa da sabon kekensa. Bayan sun sha kallon waɗannan, sai ka fito da Seydou Keïta. Za su gane shi nan take, kamar sun haɗu da ɗan'uwa a tasha.

Seydou, wato Sa'idu a bakin mutanen Mali, ɗan Bamako ne, an haife shi wajen 1921, kuma kafinta ya fara koya a wurin mahaifinsa. A 1935 wani baffansa ya dawo daga Senegal ya kawo masa ƙaramar kyamarar Kodak Brownie. A 1948 ya buɗe situdiyo a harabar gidansu. Da hasken rana yake aiki a tsakar gida, kuma labulensa na farko zanen gadonsa ne. Yana da kayan aro ga mai so: agogo, rediyo, alƙalami, tabarau, babur ɗin Vespa, har mota. Saboda tsadar fim, sau ɗaya yake danna wa mutum. Ka tsaya a kan wannan tare da ɗalibanka, su da ke danna talatin su zaɓi ɗaya. Mutumin da ke da harsashi guda ba ya harbi sai ya daidaita, shi ya sa za ka ga a hotunan Seydou ba hannun da aka ajiye da ka, ba gefen rigar da ya faɗi inda bai nufa ba. Ka nemo musu hoton nan na wani ƙaton mutum cikin babbar riga, yana dariya, ya ɗora 'yar jaririya a cinyarsa kamar 'yar tsana. Ka nemo na matar da ta kishingiɗa a kan bargo mai zane, rigarta mai zane, labulen bayanta mai wani zanen daban. Mu a situdiyo an koya mana kada a haɗa atamfa da labule mai fure don za su yi faɗa. Shi ya haɗa su, kuma fuskar matar ta fito fes a tsakiyar hayaniyar. Ka tambayi yaran yadda aka yi haka, kada ka ba su amsa da wuri.

Wani abu a tarihinsa da yakan taɓa ni: a 1991 an nuna wasu hotunansa a wani baje koli a New York, aka rubuta a ƙarƙashinsu cewa ba a san wanda ya ɗauka ba. Sai da aka bi sawu har Bamako aka tarar da dattijon zaune da dubban nagetif ɗinsa, wato fim ɗin da ake wanke hoto daga gare shi, a adane. Ya rasu a 2001. Ni nawa na shekarun farko, gara da ɗigar ruwan kwano suka raba su.

Wanda ya nuna wa masu neman hanyar gidan Seydou shi ne Malick Sidibé, Bafulatanin ƙauyen Soloba, wanda ya yi kiwo yana yaro. Shi samarin Bamako ya bi, a situdiyo da wuraren shagali da bakin kogin Neja, a shekarun da Mali ta sami 'yancin kai. A 2007 aka ba shi babbar lambar girmamawa ta baje kolin Venice a Italiya, shi ne mai hoto na farko kuma ɗan Afirka na farko da ya karɓe ta. A nan sai ka yi zaɓe da hankali. Wasu hotunansa na rawa da na wanka a kogi, in suka shiga ajinka, washegari iyaye ne za su cika ofishin shugaban makaranta. Na situdiyo sun wadatar: samari a kan babur, wani ya dunƙule hannu kamar ɗan dambe, wani ya sha wando mai faɗin ƙafa yana ji da kansa. Yaranka za su yi dariya, sai ka ce su buɗe wayoyinsu su dubi yadda su ma suke tsayawa.

Daga nan ka dawo Najeriya, wurin J.D. 'Okhai Ojeikere, mutumin jihar Edo ta yanzu, 1930 zuwa 2014. In da mutum ɗaya za a ce in zaɓa wa 'yan sakandare, shi zan zaɓa. Ya sayi kyamararsa ta farko a 1950, ya sha naci kafin a ɗauke shi yaron ɗakin wanke hoto a Ma'aikatar Yaɗa Labarai a Ibadan a 1954. A 1968 ya fara ɗaukar hoton kitson mata, bai daina ba har ya tara kusan dubu. Yawanci daga ƙeya yake ɗauka, bango fili ba ado, fuska ma ba a gani, kitson kaɗai ne tsaye kamar gini. Yana kuma rubuta sunan kowane kitso da inda ya samo shi. Akwai wanda Yarbawa ke kira Onile Gogoro, wato dogon bene, an naɗe gashin da zare ya miƙe sama. Abin da kowa ke gani kullum a kan matarsa da ƙanwarsa bai ɗauke shi komai ba, shi ya ga cewa kitso kwana nawa ne a tsefe shi, in ba a ɗauka ba ya tafi ke nan.

Aikin da za ka ba su bayan Ojeikere a bayyane yake. Kowa ya zaɓi abu ɗaya, ya ɗauke shi sau goma, a tsayi ɗaya, da bango iri ɗaya. 'Yan mata ga shuku da kalaba da zanen lalle a hannun ƙannensu. Maza ga huluna, zanna bukar da ƙube da dara, ga ƙofofin gidajen unguwa, ga rubutun bayan Keke Napep, ga murhun gawayi da akwatunan ƙarfe da maƙeran Panteka ke bugawa. Hoto ɗaya na hula ba komai ba ne. In aka jera goma a bangon aji, yaron da kansa zai ja baya ya tsaya yana kallo.

Shi kuwa mai cewa duk sun mutu, ka haɗa shi da Samuel Fosso, wanda yana nan da ransa. An haife shi a Kamaru a 1962, mahaifiyarsa Ibo ce, yaƙin basasar Najeriya ya tarwatsa gidansu, ya ƙare a Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, wurin kawunsa. Yana da shekara 13 ya buɗe situdiyonsa, a 1975. Ƙanin ɗalibanka ne a lokacin. In dare ya yi, fim ya rage saura ɗaya ko biyu, maimakon ya wanke shi haka sai ya caɓa ado ya ɗauki kansa, ya aika wa kakarsa a Najeriya don ta san yana lafiya. Hoton ɗauki-da-kanka ke nan, shekaru da dama kafin a san wayar hannu. Daga baya, a 2008, ya yi jerin hotuna inda ya shiga kamannin Nkrumah da Lumumba da Mandela da Muhammad Ali. Ka ce wa yaron, ga kyamarar makaranta, ga bango, ya zama kakansa na minti biyar mu gani. A nan zai gane abin da waya ta iya da wanda ba ta iya ba. Takan daidaita haske da kaifin hoto fiye da yadda muka taɓa iyawa da hannu, wannan ba musu. Inda za a tsaya da lokacin da za a danna da abin da za a bari a waje kuwa, har yanzu mai riƙe da ita ne ke yankewa.

Ban ce ka watsar da Turawanka ba. Ka jinkirta su zuwa zango na biyu, kuma ka rage su. Henri Cartier-Bresson na Faransa hoto ɗaya ya isa: na 1932, a bayan tashar jirgin ƙasa ta Saint-Lazare a birnin Faris, wani mutum ya yi tsalle zai ƙetare ruwan da ya kwanta, dunduniyarsa saura ƙiris ta taɓa ruwan, inuwarsa a ƙasa tana jiransa. Ta ɓular shinge ya ɗauka. Da ya yi jinkirin ƙiftawar ido da hoton wani jiƙaƙƙen mutum kawai muka samu. Da damina ka fita da su bakin ƙofar makaranta bayan an ɗauke ruwa, kwatamin Tudun Wada zai ba su masu tsalle har su gaji. Sai Gordon Parks, baƙar fatar Amurka, auta cikin 'ya'ya 15, wanda ya sayi kyamararsa ta farko a shagon jingina. A 1942 ya ɗauki wata mai sharar ofishin gwamnati a Washington, Ella Watson, tsaye da tsintsiya da abin goge ƙasa a gaban tutar Amurka. Bai rubuta kalma ɗaya ba, amma duk wanda ya kalla ya ji ƙarar da ya kai. Wannan hoton na hukumar gwamnati ya ɗauke shi, don haka ana sauke shi kyauta daga shafin ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, da girman da za ka iya bugawa babba. In kana son su yi dariya ka ƙara da Yousuf Karsh, wanda a 1941 a Kanada ya zare sigari daga bakin Churchill, Firayim Ministan Birtaniya na lokacin, ya danna kafin mutumin ya gama ɗaure fuska. Ban ba da shawarar a gwada wannan da hakimi ba.

Kan yadda za ka tafiyar da ajin: ka buga hoton a takarda, ko da baƙi da fari ne a shagon kwafi, ya fi a leƙa ta waya ɗaya mutum goma. A yi minti biyu ba magana. Da farko za su ga kamar horo ne. Sannan ka tambaya a ina mai hoton ya tsaya, a tsaye yake ko a tsugune, daga ina haske ya shigo, me kuke jin yana gefe wanda ba a nuna mana ba. Kada ka yarda da "ya yi kyau" a matsayin amsa, ka ce mene ne ya yi kyan, nuna mini da yatsa. Shekarun haihuwa ka ba su a takarda su ajiye don jarrabawa.

Rana ɗaya kuma ka mai da ajin kansa kyamara. Ku toshe tagogi da kwali da baƙar leda har ba a ganin tafin hannu, ku huda rami ɗaya kamar faɗin ƙaramin maɓallin riga a tagar da ke kallon fili, da tsakar rana. A jira minti biyar ido ya saba. Filin makaranta zai bayyana a bangon da ke fuskantar ramin, bishiya kanta a ƙasa, mai wucewa yana tafiya a kife. Na ga yara suna salati a kan wannan. Sai ka gaya musu cewa Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi bayanin wannan ɗaki mai duhu ɗaruruwan shekaru kafin a sanar da duniya fasahar hoto a Faransa a 1839.

Kuma kai a Kaduna kake, kada ka zauna a aji zango guda. Gidan Arewa da ke titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, cike yake da tsofaffin hotuna, ga kuma Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a titin Yakubu Gowon. Ka rubuta musu takarda tukuna. Garin nan ya ga hawan daba na zuwan Sarauniyar Ingila a 1956 da na bikin al'adun baƙar fata na FESTAC a 1977, kuma a nan aka fara buga jaridar New Nigerian a 1966. A gaban kowane tsohon hoto ka sa su tambayi wa ya ɗauka, kuma don wa. Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny da ya rasu a 1905, shi ya ɗauki Oba Ovonramwen na Benin a 1897 a cikin jirgin ruwa bayan Turawa sun tuɓe shi. Da yake J.A. Green yake sa wa a bayan hotunansa, an daɗe ana zaton Bature ne.

In za su fita ɗauka a gari, ka ja musu kunne sosai: ba bariki, ba shingen jami'an tsaro, ba mai kaki, garin nan na sojoji ne. A kasuwa a fara gaida shugaban layi. Kuma a fita bayan la'asar, ko da safe lokacin hazo, don ranar tsaka takan mai da idon mutum rami biyu, farar shadda kuma ta ƙone fuskar mai ita ta koma baƙi ƙirin.

TAMBAYA

Baba ina wuni. Ni ɗaliba ce a aji shida, a Unguwar Rimi muke. Ina son ɗaukar hoto ƙwarai, amma duk waɗanda malaminmu ya lissafa maza ne. Babana ma ya ce ba sana'ar mata ba ce. Akwai matan da suka yi suna a wannan aiki kuwa, musamman 'yan Arewa?

Ɗaliba, Unguwar Rimi

AMSA

Lafiya lau, 'yata. Akwai su, malaminku ne bai leƙa ba.

Ki nemi Fati Abubakar, 'yar Maiduguri. Aikin jinya ta karanta, ta ƙara da digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma a Landan. Da ta dawo gida ta ga duniya ba ta san komai game da Borno ba sai bam da gawa, sai ta ɗauki kyamara ta buɗe shafi a Instagram a 2015 mai suna Bits of Borno, tana sa hotunan 'yan kasuwa da 'yan makaranta da amare da masu kwalliyar Sallah, kowanne da ɗan labarinsa daga bakinsa. Sai Rahima Gambo, wadda ta yi aiki da 'yan mata 'yan sakandare a Maiduguri, sa'o'inki, a wani jerin hotuna da ta sa wa suna Tatsuniya. Suna cikin kayan makaranta suna wasanninsu na tafa hannu, a aji da cikin itatuwa, kuma tare da su ake shirya yadda hoton zai kasance. Ga Aisha Augie, wadda aka haifa a Zariya ta yi karatun aikin jarida a Jami'ar Ahmadu Bello. In kika leƙa Ghana akwai marigayiya Felicia Abban, wadda ta buɗe situdiyonta a Accra tun shekarun 1950, ta kuma yi wa Shugaba Nkrumah aiki.

Bari in gaya miki abin da ni na rasa a shekaruna na aikin biki. Iyakata ƙofar gida da rumfar maza da wurin walima. Ranar ƙunshi, da sa lalle, da kukan amarya a ɗakin uwarta, da kakar da ke tuƙa tuwon suna da asuba, da hirar mata bayan baƙi sun watse, duk ban taɓa ɗauka yadda ya kamata ba. Ko an shigar da ni, da zarar an ga namiji kowa ta ja mayafi ta gyara zama, abin da na zo nema ya gudu. Rabin rayuwar Hausawa yana can cikin gida ba a adana shi ba, kuma ke ce ke da izinin shiga. Sai dai izinin shiga daban, izinin yaɗawa daban. Hoton da aka ba ki a cikin ɗaki amana ne, kada ya hau WhatsApp sai mai shi ta gani ta yarda.

Batun Baba kuwa, kada ki ja da shi, kada kuma ki kai masa sunayen nan kamar kin kawo shaidu kotu. Abin da yake tsoro yawon dare ne da cuɗanya a wuraren biki, kuma yana da hujja. Ki ɗauki mahaifiyarsa in tana raye, ko yayarsa, a bakin ƙofar ɗaki da hantsi inda haske ke shigowa ta gefe. Ki wanke shi babba, ki sa a firam, ki ajiye masa a inda yake shan shayi. Ki bar maganar a nan tukuna.

TAMBAYA

Salam Baba. Ina koyarwa a wata makaranta a Kawo. Cikin shahararrun hotunan da na samu akwai na yaƙi da na yunwa, kamar na yaron nan da ungulu ke tsaye a bayansa. Ya dace in nuna wa yara 'yan shekara 15 zuwa 17?

Malama, Kawo

AMSA

Malama, wasu sun dace, amma ba a makon farko ba, kuma ba a yi musu ba-zata.

Wanda zan fara da shi na Sam Nzima ne, 16 ga Yuni 1976 a Soweto, Afirka ta Kudu. 'Yan makaranta ne suka fito zanga-zangar ƙin a koyar da su da harshen Afrikaans, 'yan sanda suka buɗe wuta. A hoton wani saurayi ya sungumi Hector Pieterson, ɗan shekara 12, yana gudu da shi, yayar yaron a gefe cikin kayan makaranta ta ɗaga hannu tana kururuwa. Nzima ya ɓoye fim ɗin a cikin safarsa, jaridar The World ta buga, daga nan 'yan sanda suka sa shi gaba har ya bar aikin jarida ya koma ƙauye. Sai a 1998 ya sami haƙƙin mallakar hoton da ya ɗauka da hannunsa. Ranar Yaran Afirka da ake yi duk 16 ga Yuni daga wannan rana ta samo asali. Ɗalibanki za su ga sa'o'insu ne a ciki.

Na ungulun Kevin Carter ne ya ɗauka a kudancin Sudan a 1993. Ya ci kyautar Pulitzer ta aikin jarida a Amurka a 1994, ya kuma sha tambaya daga ko'ina: me ka yi wa yaron bayan ka danna? Watanni kaɗan bayan kyautar ya kashe kansa, yana da shekara 33, da damuwoyi da yawa a kansa. Shekaru bayan haka wata jaridar Sifen ta bi sawu ta gano cewa yaron ya tsira daga wannan yunwar. In za ki nuna shi, ki ware masa darasi guda cur, ki haɗa shi da na Dorothea Lange na 1936, uwar nan 'yar ci-rani a California da ta yi tagumi, 'ya'yanta biyu sun ɓoye fuska a kafaɗunta. Hoton ya zagaya duniya, amma Lange ba ta rubuta ko sunan matar ba. Sai a 1978 aka san Florence Thompson ce, kuma ta koka cewa ba ta amfana da komai daga gare shi ba. Daga nan sai ki kawo maganar gida. Duk yaron da aka ba kyamara a garin nan, abin da yake fara nufa almajiri ne da robarsa, ko mai bara a bakin Kasuwar Barci, don ya ga irinsu ne ake yabawa. Ki kafa musu doka: ba a kawo hoton mutum aji sai an san sunansa, ya yarda, an kuma juya masa wayar ya ga yadda ya fito.

Ki kuma tuna ajin Kaduna ne. A cikin yara arba'in ba za a rasa wanda ya ga abin da ya fi wannan da idonsa ba, ko wanda aka taɓa ɗauke wani nasa a hanya. Ki faɗa musu tun ana gobe abin da za a kalla, ki ce wanda ba ya so ya zauna a laburare ba tare da an tambaye shi dalili ba. Ki buga hoton ƙarami, ki kife shi a kan tebur, mai so ya zo ya buɗe da hannunsa.

Mai wasiƙa daga Rigasa da ya ce ruwa ya shiga firam ɗin hoton mahaifinsa har ya manne da gilashi: kada ka ɓamɓare shi, fuskar za ta biyo gilashin. Ka ɗauki kwafinsa da waya ta saman gilashin a inuwa, ka ajiye shi a kwance inda ba danshi, amsarka tana fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.